Masu Kira a Sabuwar Unguwa

A kamfanin wayar babu mai kiran dattijon da sunansa. Sai-na-gani suke ce masa, a bayan idonsa dai, don duk abin da aka haska masa a allo sai ya taɓe baki ya ce, "Allo ai ba ya ƙin abin da aka zana masa." Shi ne babba cikin masu zuba jari, kuma ya daɗe yana nanata cewa kasuwar waya ta cika ta batse, duk mai son layi ya riga ya mallaka, sabon sabis mai saurin nan kuwa kwalliya ce kawai. In ya zare hannunsa sauran za su bi sahu, a kwance ƙarafan sabis ɗin da aka kafa, a sallami sashen Injiniya kaf.

Injiniya kuwa, matar da ke shugabantar sashen, tana da abin kare kanta. Ƙarfen da ke sabuwar unguwa, can bayan gari, ba ya hutawa. Kira a kansa ba ya yankewa. Ta haska masa layin da ke nuna yawan kiran, ya miƙe sambal a saman allo.

Dattijon ya daɗe yana kallo. "'Yata, su wane ne ke wannan hira haka?"

"Mazauna unguwar ne, Baba."

"Kin gan su?"

Ba ta gan su ba. Yayanta ne ya kafa ƙarfen, shi ya yi gwajinsa, ya dawo gida da zazzaɓin da ya zama ajalinsa. Tun daga nan ko hanyar ba ta son bi. Ƙarfen kuma bai taɓa lalacewa ba, balle a tura wani.

"Gani ya kori ji," in ji dattijon, ya ɗauki sandarsa.

Da rana tsaka suka isa. Gidaje ne jere iri ɗaya, fenti sabo fil, ledar kanti ma ba a ɓare daga ƙofofin ba. Babu shanya a igiya, babu takalmi a bakin ƙofa, ko kaza babu. Ciyawa ta cinye rabin kwalta. Injiniya ta duba kwamfutar da ke hannunta, ta ga layin yana nan a sama, wai a wannan lokacin unguwar cike take da masu magana.

Sai suka ji shi, wani gunaguni ƙasa-ƙasa kamar na mutane a bayan bango. Daga gidan ƙarshe yake fitowa. Ƙofar ba a kulle take ba.

Falon babu komai sai ƙurar siminti da wani katako da aka ɗora kan bulo. A kan katakon wayoyi ne jere, kowace da cajarta, igiyar ta bi ta taga ta hau rufi inda aka ɗaure farantin sola. Fuskokinsu na haske suna mutuwa, suna haske suna mutuwa.

Nan take ta gane, ta kuma so a ce ba ta gane ba. Haka ake aikin. In an kafa sabon ƙarfe, sai a jera wayoyin gwaji a saita su su riƙa kiran juna da kansu, da muryar da aka naɗa, in an gama a kwashe. Wanda zai kwashe ɗin ne ya kwanta, kuma shi kaɗai ya san gidan.

"Ana ji na?" in ji wata waya.

"Ana ji, ci gaba," in ji wata.

Muryar Yaya ce, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya yi magana, wanda take tsokanarsa da shi tun suna yara. Shi ke tambaya, shi ke ba kansa amsa, ɗakin ya cika da shi. Kewarsa ta taso mata.

Sai-na-gani bai yi murnar gaskiyarsa ta fito ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Kashe su, mu ga abin da zai saura. In akwai mai rai ko ɗaya a kan layin nan, ba zan janye jarina ba."

Ta durƙusa. Tana kashewa layin na sauka, muryoyin na raguwa, har ya rage waya ɗaya a ƙarshen katakon. Ban da wannan wayar babu kowa a kan ƙarfen. Ya kamata ita ma ta yi shiru, tunda babu sauran wadda za ta kira. Ba ta yi ba.

"Ana ji na?"

Dattijon ya ja da baya. Ta ji ƙarar sandarsa a kan siminti, tana nisa, har ta fita ƙofa.

"Ana ji na?"

Hannunta na kan madannin, ta kasa dannawa. Wayar ta yi gyaran murya, ta sake tambaya, ta jira.

"Ana ji, Yaya," ta ce.

Fuskar wayar ta mutu da kanta. A kan kwamfutar, layin ya kwanta a ƙasa.