Sandar Mahfuza

Mahfuza ta dawo daga makaranta ta tarar da bayan ƙofa wayam. A nan ta saba jingine sandarta ta kamogi, wasan 'yan matan Ireland da wata malama ta kawo musu Dubai. Ita ke ci wa makarantarsu ƙwallo, kuma ranar Asabar za su buga wasan ƙarshe na gasar sakandare.

"Baba, ina sandata?"

Ubanta Salmanu bai ɗago daga kwalin da yake ɗaurewa ba. "Tana kwantena, tun safe aka rufe."

"To, sai in ari ta wata."

"Ki ari goma ma."

Sai lokacin ta lura babu firji, babu dardumar falo. A unguwar Deira ta Dubai ta girma, aikin ubanta tura kaya Kano, ta san mutum ba ya tura firjinsa gida sai zai bi bayansa.

"Yaushe za mu tafi?"

"Alhamis. Shago ya mutu, biza ta ƙare, khalas, shi ke nan."

"Baba, a Kano da wa zan buga?"

Ya ja igiya ya ƙulle tamau.

"Itacen sandar mai kyau ne," ya ce. "Ko ba komai, mamanki ta samu muciya."