Jiƙa-Katifa a Layin Gaggawa

"Bakwai-biyu-huɗu, daina hawa, tsaya inda kake," in ji Auta, karo na uku ke nan.

Ba amsa. Sai muryar namiji da ke ta zuba a kunnenta, a sake, kamar mai hira a ƙofar gida bayan ya ƙoshi.

Aikin Auta raba wa jirage hanya a sama. Ɗakin aikin ba taga ko ɗaya, sai sanyin na'ura da alluna masu haske, ga wayar abin saurare ta ɗaure ta da tebur kamar akuya a turke. Ranar da la'asar jirage goma sha ɗaya ne a allonta, kowanne ɗan ɗigo da lambarsa, hadari kuma ya tare gefe guda ya matse su wuri ɗaya.

Rediyon nasu kuwa, in mutum ɗaya ya danna maɓalli yana magana, ba a jin kowa sai shi. To, maɓallin matuƙin bakwai-biyu-huɗu ne ya maƙale, shi bai sani ba. Ba ya jin kowa, kowa na jin sa.

Matuƙin nan kuma yayan Auta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wata takwas ke nan ba sa ga maciji, tun ranar da ya je gidanta tana wajen aiki ya kwashe Mama da kayanta ya kai nasa gidan, wai ana barin tsohuwa ita kaɗai. Tun daga nan ba gaisuwa. In jirginsa ya shigo allonta ta kira shi da lamba, shi ma ya amsa da lamba.

"Ka ji ta ɗazu ko?" Yaya ne ke faɗa wa mataimakinsa. "Wai bakwai-biyu-huɗu. Ni! Ni da na goya ta, na share mata majina. Taurin kai tun tana ƙarama. Ta taɓa cizon likita fa!"

Mataimakin ya bushe da dariya.

Oga, shugaban ɗakin, ya taso ya tsaya a bayanta, ya kunna lasifika. Yanzu ɗakin duka na ji. Masu aiki suka kafe idanu a allunansu, kunnuwa kuwa duk suna nan.

Auta ba ta ta kunya take ba. Ɗigon Yaya yana ta hawa, ga wani ɗigo, uku-sifili-tara, ɗauke da mutum ɗari biyu, zai gitta daidai inda Yaya ke nufa.

"Saura minti biyu," in ji Oga. "Layin gaggawa."

Kowane jirgi yana da rediyo na biyu da ake bari a kunne saboda irin wannan rana. Ta koma can. Uku-sifili-tara ya amsa nan take, amma me? Hadari a damansa, jirgi a hagunsa, wani a samansa, ƙasa kuma nan ne Yaya ke tasowa. Ba inda zai motsa. Sai dai Yaya.

Ta kira lambarsa. Ta sake kira. Abin takaici, ta cikin maɓallin nan da ya maƙale tana jiyo muryar kanta a jirginsa, can ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro. Ya rage sautin don kada a dame shi da hira.

"Ita kuma Mama ta ƙi sakewa a gidana," in ji Yaya. "Kullum kayanta a ɗaure, kullum ina Auta, ina Auta. Amma in mayar da ita, yarinyar nan ta ce ta ci nasara? Ina!"

"Minti ɗaya," in ji Oga.

Rigar Auta ta jiƙe duk da sanyin ɗakin. Ba ta da hannun da zai kai can, ba ƙofar da za ta buga. Akwai na'urar da ke ihu a jirgi in an zo gab da karo, amma wa ke son a kai nan? Lamba dai ba ta shiga kunnen mai hira. Sai ta tuna abin da ke shiga.

Yaya, kyaftin ɗin nan mai furfura, mai igiya huɗu a kafaɗa, har ya shekara goma sha ɗaya yana fitsarin kwance. Kakarsu ce ta raɗa masa suna. Ya taɓa fasa wa ɗan baffansu baki a kan sunan, kuma yau mutum uku kacal suka rage da suka san shi.

Auta ta ajiye harshen aiki, ta ɗauko na gida, ta buɗe murya.

"Jiƙa-Katifa! Kai, Jiƙa-Katifa! Maɓallinka ya maƙale! Daina hawa, yi ƙasa yanzun nan!"

Hirar ta yanke a tsakiyar kalma. Aka ji ƙas, layi ya buɗe.

"Bakwai-biyu-huɗu, ina yin ƙasa," in ji Yaya da wata siririyar murya.

Lambar da ke nuna nisansa daga ƙasa a gefen ɗigon ta tsaya, ta fara raguwa. Ɗigo biyu suka hau juna, sannan suka rabu, kowa ya kama gabansa.

Can wani matuƙi ya danna maɓalli, ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba, ya saki.

"Sannu," in ji Oga, yana share wuya. "Amma kin san komai an naɗa a na'ura. Kalma da kalma za a rubuta. Kuma kwamiti zai so a yi masa bayanin sunan."

Ba ta juya ba. Jirage goma na jiran ta, sai da ta raba su kaf wani ya karɓe ta a aikin.

A wajen ajiye motoci ta kunna wayarta. Kira shida, duk na Yaya. Na bakwai ya shigo tana tsaye.

"Auta. Duk duniya kika faɗa wa."

"Mutum ɗari biyu, Yaya. Da na jirginka. Da kai."

Ta ji yana jan hanci.

"Ko da na sauka, har mai tuƙa motar kaya murmushi yake min," ya ce. "Kin... kin ji abin da na ce a kan Mama?"

"Ni da matuƙa goma."

Ya sake jan hanci.

"Ran Asabar zan kawo ta."

Auta ta jingina da mota. Ta share ido da gefen gyale.

"To, Allah ya kai mu. Ka haɗo da katifa," ta ce. "Tata fa, Yaya. Ba taka ba."