Furen Albasar Baba

Ranar Talata ce, a ƙarshen watan Fabrairu. Sanyi ya gama tafiya, rana ta fara zafi tun hantsi, ko ganye ba ya motsi. Da sassafe na hau babur na tafi Malbaza neman robar injin ban ruwa, na bar garka a toshe da ƙaya kamar kullum. Kafin azahar na dawo, na tarar an ɓarke shingen a wuri uku.

Garkar tamu tana bayan gari, a bakin hanyar da yara ke bi zuwa lakwal, makarantar bokon garinmu. Baba ne ya zaɓi wurin, nesa da fadama, don kada ƙudan zuma su haɗa masa irinsa da na mutane. Shekara ashirin da wani abu yana tace albasar nan. Duk shekara sai ya zauna ya ware jajaye masu faɗi, masu tsukakken wuya, ya ajiye su a rudu, rumfar ajiyar albasa, ya sake dasa su don su yi fure su ba da iri. Har daga Tsarnawa ake zuwa roƙonsa. Da ya rasu, ni aka bar wa. Abokaina sun tafi haƙar zinariya arewa, ni ma na ɗaure jakata sau biyu, sau biyun Inna tana zaunar da ni da magana ɗaya: irin mahaifinka. Bara ruwa ya shiga rudun, rabin albasar ta ruɓe. Irin da na yafa kuma ruwan ƙarshen damina ya wanke shi. Abin da ya rage a duniya na irin Baba shi ne albasar da na dasa a fangali huɗun nan, kuma sun yi fure, farare tas, kowane kai kamar dunƙulen hannu. Saura wata guda su bushe.

Biyu daga cikin fangulan na tarar babu kai. Karare ne kawai a tsaye, suna zubar da ruwa. Da fari na ce awaki ne, amma akuya ba ta yanka da reza. A ƙasa kuma sawun silifa ne ƙanana, ko'ina.

Na iske ƙanwata Zalika a gida, ta dawo hutun rana tana cin abinci. Shekararta goma, tana aji huɗu. Wani kan fure ya leƙo daga cikin jakarta.

“Mene ne wannan?”

Ta ajiye cokali.

“Yaya, ɗaya kaɗai na ɗauka jiya. Wallahi ɗaya.”

“Na yau fa?”

Sai ta fara kuka, labarin ya fito guntu-guntu. Malamarsu, Madam Sakina, ta ce ranar Litinin kowa ya zo da fure na gaske, za a yi darasi a kansa. Babu wanda ya samu sai Zalika. Madam ta ɗaga nata sama, ta yaba, ta ce gobe kowa ya kawo irinsa, wanda bai kawo ba darakta, shugaban lakwal, zai gan shi. Su saba'in da huɗu ne a ajin. Wasu sun yanka uku, wasu biyar, suna zaɓen wanda ya fi girma, suna jefar da na farko.

Inna ta riƙe mini riga a bakin ƙofa. Na fizge.

Shekara tara rabona da shiga filin lakwal ɗin nan. Na isa an koma karatun yamma. Ajin su Zalika na zana ne. Na ɗaga buhun da aka rataya a ƙofa na shiga ba sallama. An haɗa tebura rukuni-rukuni, yara sun zagaye su, ga furen Baba a gabansu an yayyage, suna tsinkar ƙananan furannin suna jerawa a kan allo suna ƙirgawa. Warin albasa ya cika ajin. Wasu idonsu na ruwa suna dariya.

Madam Sakina yarinya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Bana aka turo ta daga wajen Doso.

“Malam, lafiya? Muna cikin darasi.”

“Na ga darasin. Nawa ne.”

“Naka?”

“Daga garkata ɓarayinki suka yanko shi.”

“Kai, ka iya bakinka. Ɗiyan mutane ne.”

“Ke kika aike su, to ke ce babbarsu.”

Ta ɗauko wani littafi mai shuɗin bango daga teburinta ta buɗe ta nuna mini da yatsa, kamar zan karanta. Ta ce sabon tsari ne, an kai su horo Konni sati biyu a kansa. Yanzu ba a son malami ya zana abu a allo yara su haddace. Ana son yaro ya taɓa, ya shinshina, ya yaga ya ga cikinsa. Mako na goma sha tara, fure.

“Wa ya rubuta?”

“Daga Yamai ya zo.”

“A Yamai ɗin, wanda ya rubuta ya taɓa zuwa nan a watan nan? Fita ki duba. Daga nan har bakin kwalta ki nuna mini fure ɗaya wanda ba nawa ba.”

“Ni ban ce su shiga garkar kowa ba. Na ɗauka ciyawa ce. Albasa ai a ƙasa take, me za a yi da furenta?”

Na dube ta. Wallahi da gaske take. Ita ce mai koyar da fure.

Ina shirin ba ta amsa sai na ji tari a bayana, tarin da na sani tun ina ɗan shekara bakwai. Mushe Ɗan'azumi ne, darakta. Ya yi furfura, ya yi tumbi, amma guntun tiyon da yake duka da shi yana nan a hannunsa. Shi ya koyar da ni a aji biyar. A ajinsa na yi wannan darasin na fure. Ya zana wani fure a allo daga littafin Faransa, mai sunaye bakwai, ya ce mu haddace. Na riƙe huɗu. Ya yi mini tiyo uku a kan kowane sunan da na manta, a gaban 'yan mata. Washegari ban koma ba, ban kuma sake komawa ba.

“A'a, Rabo ne? Yau an tuna da hanya?”

“Mushe, yaranka sun cinye mini iri.”

“Na ji. Haƙuri za ka yi. Ilimi ne, ƙanwarka ma tana ciki.” Ya ɗauki kai ɗaya ya jujjuya. “Gara ma da ka zo. Jibi konseye, mai duba makarantu, zai zo daga Malbaza ya duba yadda muke aiki da sabon tsarin. Waɗannan kafin jibi sun yanƙwane. Za ka ba mu ashirin sabbi.”

Na yi dariya, don in ban yi ba wani abu zan yi.

“Mushe, a zamaninmu ka dake ni a kan furen da ban taɓa gani ba. Yau ka ce za ka daki waɗannan in ba su sato nawa ba. Tsarin ya sake, tiyon bai sake ba.”

“Har yanzu bakinka ya fi kanka aiki.”

“Ko ɗaya ba zan bayar ba. Wanda na kama a garkata, ko ɗan wa ne, sai na karya masa hannu.”

Ranar Laraba ban je ko'ina ba. Na saro ƙaya na toshe ɓarakar, na ɗaure kararen da suka karye da zare ko da Allah zai sa, na zauna a bakin rijiya da sanda. Yara suka riƙa wucewa ta can nesa suna leƙe. Zalika ta kawo mini fura ta ajiye.

Alhamis da hantsi sai ga Baba Maikano, ƙanen mahaifina, da wuƙa da kwando. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, kuma ya ɗauki muƙamin nan kamar sarauta.

“Buɗe mini, Rabo.”

“Baba, kada ka yi mini haka.”

“Darakta ya zo gidana da ƙafarsa. Baƙo zai zo daga gwamnati, a ce garinmu an rasa fure ashirin? Ana maganar gina mana aji na siminti. Kai za ka hana?”

“Irin yayanka ne. Shi kaɗai ya rage.”

“Ni za ka gaya wa yayana? Kafin a haife ka nake ban ruwa a garkar nan. Ka ɗaga sandar mana in ka isa.”

Sandar tana hannuna. Na dube shi, fuskarsa fuskar Baba ce sak, har gibin. Na jefar da sandar. Ya janye ƙayar ya shiga, ya riƙa bin fangali yana zaɓen manya. Na ƙirga da shi. Da ya kai ashirin bai tsaya ba.

“Baba, ashirin aka ce.”

“In wasu suka lalace fa? A ji kunya?”

Arba'in ya yanka.

Na bi shi a baya har lakwal. Farar mota tana tsaye a gindin dogon yaro. An share fili, an yayyafa ruwa. Cikin ajin, konseye yana zaune a baya da takarda a gwiwa, wani siririn mutum mai tabarau, darakta a gefensa, tiyon ya ɓace. Madam Sakina ta raba furen, tana tambaya, yara suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsa. Ta tambaye su amfanin fure. Wata ta ce ado. Wani ya ce ƙamshi, aka yi dariya.

Na shiga. Na ƙwace kai ɗaya daga hannun wani yaro na ɗaga.

“Ba ado ba ne. Ku buɗe ido, tunda malamarku ba ta sani ba. Kowane ɗan fari ɗin nan, in ƙudan zuma ya sauka a kansa, zai ƙulla ɗan ƙwanso. Cikin ƙwanson akwai baƙaƙen ƙwayoyi. Sai ya bushe a kan karansa, wata guda nan gaba, sannan a yanka, a shanya, a murza. Shi ake yafawa ya zama albasar da ubanninku ke lodawa a mota. Wanda aka yanka yau ba zai zama komai ba. Kun kashe shi. Wannan kai ɗaya da ke hannuna ya isa fangali guda, kun kashe.”

Ajin ya yi tsit. Darakta ya miƙe yana huci. Na juya wajen baƙon, na shirya masa maganar da na kwana biyu ina tarawa.

Sai na ga yana tafi.

“Madalla! Madalla!” Ya taso ya kama hannuna yana girgizawa. “Darakta, ai ba ka gaya mini kun gayyato manomi ba. Wannan shi ne abin da muke ta faɗa a horo. Ilimin gida ya shigo aji. Ka ga yadda yaran suka natsu?”

Mushe Ɗan'azumi ya mayar da hucinsa murmushi nan take.

“Tsohon ɗalibina ne, ranka ya daɗe. Ni na koyar da shi.”

“Ba gayyato ni aka yi ba,” na ce. “Sata aka yi mini.”

“Za a duba, za a duba,” in ji konseye, yana rubutu bai ko ɗago ba. “Furen albasa. Abin mamaki, ga shi a ƙofar gida ba mu lura ba. Lakwal talatin da ɗaya ke ƙarƙashina, duk kukansu ɗaya, babu fure a mako na goma sha tara. Gobe zan aika musu. Sunanka fa, samari?”

Ban faɗa masa ba. Na fita. Baba Maikano yana bakin ƙofa yana washe baki, na wuce shi kamar ban san shi ba.

Da la'asar ina ban ruwa sai ga Madam Sakina a bakin shinge, da roba a kai, Zalika na bin ta. Ta sauke. Furen ne, na Talata da na ranar, wanda bai yage ba, ta zuba musu ruwa a gindi.

“Na ce ko in an sa su a ruwa za su ƙarasa.”

“Ba za su ƙarasa ba.”

“In an mayar da su ƙasa fa?”

“Madam, kai ne aka yanke. Ke in aka yanke naki, a mayar?”

Ta ce ta roƙi konseye kada ya aika takardar, ya ce ta cika tsoro. Ta ce za ta rubuta a mayar da darasin lokacin da fure ke ko'ina.

“Yaushe ke nan?” na ce.

“Da damina.”

“Da damina kuna hutu.”

Ta tsaya tana kallon robar. Ban buɗe mata shinge ba. Da ta gaji ta tafi ta bar robar nan, na juye wa awakin maƙwabta, su ma suka shinshina suka wuce.

Sati biyu bayan haka na ji an kama yara a garkar wani mutum wajen Tsarnawa, har an kai magana jandarma. Ban tambayi ƙarshenta ba.

Na yanke abin da ya rage a farkon watan Afrilu. Ƙanana ne na gefen fangali, irin waɗanda Baba kan tuge ya yar don kada su ɓata masa iri. Da yaran da Baba Maikano, duk manya suka zaɓa. Na murza, na sheƙe, na zuba a gwangwanin madara, bai kai rabi ba. Na miƙa wa Inna. Ta girgiza shi a kunnenta, wannan karon kuma da ta ga jakata a ɗaure ba ta riƙe mini riga ba.

Ranar Asabar kafin abin ya faru na ƙirga kai ɗari huɗu da goma a garkar. Yara sun yanke ɗari biyu da talatin da shida. Sun tattake hamsin da takwas, cikin waɗanda na ɗaure da zare babu wanda ya tashi. Baba Maikano ya yanke arba'in. Saba'in da shida suka rage.