Tela a Gado na Huɗu

Kwana tara da yanke masa ƙafar dama, Tela bai ce wa kowa uffan ba. Ciwon suga ne ya ci ƙafar, ita ce kuma wadda ya shekara talatin yana taka keken ɗinki da ita. Yana kwance a gado na huɗu, fuska ga bango. Matarsa ta kawo abinci a kula, ta koma da shi yadda ta kawo. Likita ya faɗa mini a fili: in bai ci ba ciwon ba zai haɗe ba, sai an ƙara yankawa.

Ni nas ce, shekarata ashirin a ɗakin maza, kuma ba a san ni da lallashi ba. Amma mutumin nan ya tsaya mini a rai. Mu juya shi, mu wanke ciwon, har maɓallin riga mu muke saka masa. Sannu kuwa ya sha ta har ta gundure shi. Ashe susa muke ta yi inda ba ya ƙaiƙayi.

Ran nan da hantsi ina canza masa ledar ruwa, na ga idonsa a kan aljihun rigata, wanda almakashi ya ɓarka na kama da fil.

"Wa ya yi miki ɗinkin nan, Sista?" Muryar a dishe.

"Wani maƙwabcinmu."

"Ya cuce ki."

Na je na sake riga, na aro allura da zare wajen mai wanki, na kawo masa su da yagaggiyar rigar, na ɗaga masa kan gadon. Na zauna a gefensa, don ba a barin allura a hannun mai irin wannan damuwa a tafi. Sau huɗu zaren yana ƙin shiga. Na kai hannu zan karɓa, matarsa ta riƙe ni.

"Ƙyale shi, 'yar'uwa. Malam ba ya so a sa masa zare."

A na biyar ya shiga. Ya farke ɗinkin maƙwabcin nawa kaf yana tsaki, ya sake ɗinka shi, ya ciji zaren, ya miƙo mini allurar.

"Akwai keken da ake juyawa da hannu," in ji shi, ba ni yake kallo ba. "Da shi na koya."

Sannan ya dubi matarsa. "Me kika zubo a kular nan ne?"

Ta buɗe masa ita. Ni kuwa na wuce gado na biyar, ina tunanin wa da wa ke da yagaggen aljihu cikin abokan aikina.