Motar Da Ta Ci Jarrabawa

A gidajen ma'aikatan jami'a da ke Wudil akwai motoci uku iri ɗaya, dogayen nan masu kujera bakwai da ƙofa mai zugewa, waɗanda kanikawa suka laƙaba wa Kwashe-dangi. Ɗaya ta Dakta Zakka ce, malamin lissafi, ɗaya ta Malam Dattijo na ofishin rajista, ta ukun kuma ta Stephen mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Duk 'yan Kwatano ne. Sun ci ƙuruciyarsu a ƙasar da ake barbaɗa wa titi gishiri saboda ƙanƙara, suka iso nan da fenti yana sheƙi, ciki kuwa tsatsa ta gama da shi. Amma kowa ya san Kwashe-dangi ba ta mutuwa. In ka tambayi wanda ya fara faɗa, sai a dube ka kamar ka zagi wani babba.

Tana da abubuwanta dai. Ƙofar ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Giya tana fizga. Bututun birki yana ɗigar da mai, har in tafiya ta yi nisa ka taka, ƙafarka ta nutse, ka sake takawa kana addu'a. Masu ita ba sa kiran wannan lalacewa. Hali suke ce masa.

Marta, matar Zakka, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin jami'a, kuma ita ke share ƙofar gida kowace safiya, saboda haka ita ke ganin ɗigon man a ƙasa. Kirsimeti ya matso, za su Billiri da yara uku da tsohuwarta, wadda ko kujera ba ta iya riƙewa da ƙarfi. A waccan doguwar hanya, birkin nan ne zai ɗauke su.

"Baban Victor, motar nan tana fitsarin kwance," in ji ta.

"Maman Victor, an duba ta. Na'ura ce ta duba ta, ba mutum ba. Na'ura ba ta da ɗan'uwa."

Gaskiya ne an duba ta, kuma Marta ta san yadda aka yi. Mazan uku suna da wani tsari da suke kira haɗin gwiwa. In lokacin sabunta takardar lafiyar mota ya zo, sai su kai motocin garejin Garzali. Dattijo ne mai tayoyin kirki, Stephen mai fitilu da abin goge gilashi, Zakka kuwa hon da tulun kashe gobara. Garzali ya tattara duka a jikin mota ɗaya, kamar amaryar da aka ara wa gwal, a kai ta Kano, a tsaya daf da wurin gwaji a cika mata man birki, ta hau na'ura ta sauko da yabo. A dawo a tuɓe ta, a shirya ta gaba. Shekarar da jami'in dubawa ya leƙa ƙarƙashi ya ga damshi a bututun, dariya ya yi. Shi ma irinta gare shi. "Haka suke," ya ce, ya buga hatimi.

"To wace mota ce ta ci jarrabawar?" Marta ta tambaya. "Don ni ban gan ta a gidan nan ba. Ƙafafunta suna gidan Dattijo, idanunta suna gidan Stephen."

"Kina magana kamar ba ki yi makaranta ba. Lambar wace mota ce a takardar?"

"Lambar kam tamu ce. Sai mu ɗora Mama a kan lambar."

Zakka ya ce ba zai yi musu da motsin rai ba, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ana gobe tafiya, mazan duk suna wani taron jami'a, irin wanda ake shiga da safe a fito da la'asar ba a yanke komai ba. Marta ta shiga gidan Dattijo. Ta gaida Salamatu, matarsa, suka tambayi gajiya da yara da sanyi da masu jiki, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Salamatu ta ajiye tsintsiya. "Maman Victor, ai ni tun ranar da muka kusa shiga gonar mutane a Indabo nake salati in na ga motar nan. Malam ya ce wai gonar ce ta matso titi. Ga makulli."

Rejoice, matar Stephen, ba ta ma bari an gama bayani ba. Motoci uku suka jeru a garejin Garzali, mata a kan sitiyari.

"Yau kuma wa ke da jarrabawa, Madam?" in ji Garzali.

"Tsohuwata. Ka haɗa mini wadda kake haɗa wa na'ura. Kuma ka cire bututun birkin nan ka sa sabo."

"Sabo?" Ya goge hannu a wando. "Ai su Dakta ba su taɓa cewa a canja ba. Mai kawai ake ƙarawa. Halinta ne."

"Da wuyar samu ne?"

"Ga su can a rataye. Ba mai tambaya."

Kafin a tashi taro an gama. Kowace mota ta koma mazauninta, mazan suka wuce ta gabansu ba wanda ya duba ƙasa.

Da safe ana ɗaura kaya sai ga Dattijo da Stephen. Dattijo mutum ne mai ladabi, bai fara da tayoyinsa ba sai da ya tambayi lafiyar kowa har da tsohuwa. Sannan ya ce, "Dakta, na fito zan je Dagumawa gaisuwa, na tarar da motata a kan waɗansu abubuwa sumul kamar tafin hannu. Kamar na san su."

"Tawa kuma ido ɗaya," in ji Stephen.

Zakka ya dubi tayoyin da ke ƙarƙashin motarsa, ya dubi matarsa. "Maman Victor, haɗin gwiwa don gwaji aka yi shi. Ba don tafiya ba."

"Na sani," ta ce, tana gyara wa tsohuwa matashi. "Malam, a yi haƙuri, aro ne, za mu dawo da su bayan sabuwar shekara. Amma takardunku ban taɓa su ba. Suna nan, sun ce motocinku lafiya lau."

Dattijo ya buɗe baki, ya hango Salamatu tsaye a ƙofar gida ta harɗe hannu, ya rufe. Ya yi musu fatan sauka lafiya.

Zakka ya ja mota, suka kama hanya. Ran Juma'a ce, ranar kasuwar shanu, titi ya cika da tireloli da 'yan babur. Ba su gama fita gari ba wani bijimi ya ƙwace igiya ya faɗo kwalta, ya tsaya a gabansu. Zakka ya taka birki, ya riga ya ɗaga ƙafa zai sake takawa kamar yadda ya saba, sai ya ga babu bukata. Motar ta tsaya cak. Tsohuwa ta ɗan gyangyaɗa gaba, ta koma kan matashinta, ta tambaya ko an iso.

Bijimin ya shinshina fitilar Stephen, ya wuce.

Zakka ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Sannan ya miƙa hannu ya shafa takardar da ke manne a gilashi.

"Kin gani ko?" ya ce. "Na gaya miki an duba ta."

Marta ta juya ta ce wa Victor ya sa kafaɗa ya rufe ƙofar nan da kyau.