Sunan da Ke Ƙirjin Rigar Sanyi

Mako biyar Janet ta yi tana saƙa rigunan nan biyu. Malamar firamare ce a Samaru, don haka sai ta taso daga makaranta take zama a ƙofar ɗakinta da zaren ulu da tsinkayen saƙa, ɗaliban jami'a masu haya a gidan suna wucewa suna yi mata sannu da aiki. Ɗaya shuɗiya, ɗaya ruwan goro. Da ta gama saƙar, ta zura farin zare a allura ta ɗinka suna a ƙirjin kowace: Henry a shuɗiyar, Diana a ɗayar.

'Yan biyun ƙaninta Mordecai ne, wanda tirela ta kaɗe a kan babur a Kwangila shekara biyu da suka wuce. Tun da aka tashi daga zaman makoki Janet ba ta sake taka inda matarsa Nkechinyere take ba. Amma labari yana iso ta. An ce matar ta sauya wa yaran makaranta, kuma sunayen yarenta, Somto da Chika, aka rubuta musu a rajista. Ranar da Janet ta ji wannan, ko abinci kasa ci ta yi. Washegari ta sayo zare.

Wata Asabar a farkon Disambar 2006 ta hau bas zuwa Sabon Gari, ta kutsa kasuwa har layin 'yan gwanjo. Nkechinyere na tsaye a bayan teburinta tana ninke wanduna, yaran suna zaune a benci suna cin awara. Haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta gada.

"Maman 'yan biyu, ina wuni?"

"Lafiya. Anti Janet, yau ɓatan kai kika yi?"

Janet ta yi kamar ba ta ji ba. Ta durƙusa ta buɗe leda. "Diana, zo wajen Gwaggo." Yarinyar ta dubi uwarta, ta dubi rigar, rigar ta fi ƙarfinta ta matso. Janet ta zura mata, ta zura wa namijin tasa. Sun zauna musu ɗas, kamar an gwada.

Nkechinyere ta zagayo ta karanta abin da ke ƙirjin ɗanta. "Somto, cire."

"Ba zai cire ba," in ji Janet tana miƙewa. "Sunan da ubansu ya raɗa musu ne, a gaban fasto, ina tsaye."

"Yau kika san suna da uba? Ranar da kuka zo da a-kori-kura kuka kwashe katifa da firji da keken ɗinkina, kin tuna yana da 'ya'ya? Ke da hannunki kika kwance labulen ƙofa. Wata uku yaran nan suna kwana a kan kwali!"

Labulen kam Janet ce ta kwance. Babban yayansu Callistus ne ya ce a kwashe komai a kai gida Zonkwa, ita kuma ba ta hana ba.

"Kayan ɗan'uwanmu ne," ta ce. "Kuma yaran nan jininmu ne, ba da su kika zo ba."

Nkechinyere ta fizgo ɗanta. Ta tuɓe wa yaron rigar da ƙarfi har kunnensa ya lanƙwashe, ta ɗauko rezar da take yanke igiyar dilar gwanjo, ta shimfiɗa rigar a tebur ta fara tsinke farin zaren harafi bayan harafi. A na uku rezar ta zarce ta ci saƙar, rami ya buɗe, madaukan suka fara kwancewa.

Janet ba ta san lokacin da ta cafki hannunta ba. Suka yi ta ja, tebur ya kife, wanduna suka zube a kwata. Iya Bamidele mai sayar da takalma ta shiga tsakaninsu tana masifa, wasu maza suka janye Janet baya. Sai a lokacin Janet ta ga jini yana ɗiga daga babban yatsanta. Yarinyar kuwa ta rungume tata rigar a jiki tana ihu, sai da uwar ta ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya ta cire, ta wurga wa Janet duka biyun a ƙafa.

"Kwashi tsiyarki. In na sake ganinki a layin nan, 'yan sanda ne za su raba mu."

Janet ta kwashe. Ko gida ba ta koma ba, tasha ta nufa ta shiga motar Kaduna, daga can ta wuce Zonkwa. Ta ajiye yagaggiyar rigar a gaban Callistus, ta nuna masa yatsanta, ta ce in ba a karɓo yaran nan yanzu ba, nan da shekara ko sunan kakansu ba za su sani ba. Dangi suka zauna bayan Kirsimeti, aka yanke cewa za a je a ɗauko su.

A mako na biyu na Janairu suka dira Sabon Gari su huɗu, har da Callistus da Janet. A teburin Nkechinyere suka tarar da wani mutum yana sayar da jakunkunan makaranta. Iya Bamidele ta dube su a wulaƙance ta ce matar ta sayar da kayanta kaf tun kafin sabuwar shekara, ta hau doguwar bas da 'ya'yanta. Aba ko Onitsha, ba ta sani ba, kuma ko ta sani ba za ta faɗa ba. A gidan hayar ma sababbin mutane suka gani.

Callistus ya tsaya a bakin titi, ya cire hula ya share goshi, ya juyo kan Janet. "Ke kika firgita ta. Wa ya aike ki da riga?"

"Wa ya aiko da motar kwasar kaya?" ta ce masa.

A nan gefen titi suka yi ta yi, 'yan acaɓa suna tsayawa kallo. Da za a tafi, ya shiga motar Kaduna, ita ta tsallaka titi ta tari bas ɗin Samaru, babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa sallama.