Wai Dako Ba Aiki Ba Ne

Tun kafin a haifi uwar jikarta Iya take dako, daga tashar mota zuwa rumfunan kasuwa, daro a ka, gammo a ƙarƙashi. Wuyanta ya shige kafaɗa, gashin tsakiyar kanta ya daɗe da yin sallama. Sai ga jikar ta dawo daga makaranta da labari: malamin kimiyya ya ce wanda ya ɗauki kaya a ka ya bi shimfiɗaɗɗiyar hanya bai yi aiki ba.

A bakin famfo yarinyar ta faɗa, gaban matan layi. Kafin a ce me, kasuwa ta ɗauka. Mai nama ne ya raɗa sunan: "Uwar Hutu, an fito shan iska?" Har mai albasa, wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi mudu ba, yana tambayarta ya hutu.

Iya ba ta ko sauke daron ba ta nufi makaranta. Ɗakin malamai a bene yake. Ta hau da rabin buhun albasa a kanta, ta tokare ƙofa.

"Wane ne mai kimiyyar?"

Wani siriri ya miƙe, alli har gwiwar hannu. "Ni ne, Iya. Sannu da aiki."

"Au. Yau kuma aiki ne?"

Malamin ya gane. Ya ba ta kujera, ta ƙi.

"Iya, a wajenmu aiki shi ne ki tura abu ya tafi inda kika tura shi. Ke sama kike tokare daro, shi kuma gaba yake tafiya."

"Da ƙafar uban wa yake tafiya? Ɗan nan, sunana na zo karɓa. Janye maganarka."

"Ba za ta janyu ba, Iya, haka take. Amma ɗagawa daga ƙasa zuwa ka aiki ne. Hawan benen nan ma aiki ne, babba."

"Wato duk shekarun nan sai yau na yi aikin kirki, da na zo zaginka."

"Kusan haka ne."

"To ƙarfin da nake fita da shi da safe in dawo babu fa? Ɓarawo ke ɗauka?"

"Ƙarfi ba ya ɓacewa, kama yake sauyawa. Naki zafi yake komawa a jiki, ya fita ya taɓa na kusa."

Iya ta gyara zaman daron a kanta. Marigayi mijinta ya sha kuka da zafinta, surukanta ma haka. Ba wanda ya taɓa gaya mata inda yake fitowa.

"Wannan kam na kusa sun shaida," ta ce, ta juya ta sauka.

Tana shiga kasuwa mai nama ya ɗaga murya: "Uwar Hutu!"

Ta durƙusa ta dire daron a gabansa.

"Malam ya ce ɗagawar ce aiki, tafiyar hutu ce. Ga aikin, ɗora min. Ni zan ji da hutun."

Mutane suka zuba ido. Mai nama ya sunkuya, ya yi nishi, bayansa ya ce ƙas, ya ɗora. Da yamma mai albasa ma ya kira sunan, shi ma ya ɗora.

Kafin mako ya zagayo sunan ya mutu. Zafin dai yana nan, tunda ba ya ɓacewa.